Wa Ya Ba Ka Izinin Taɓa Wannan? Fashin Baƙi Kan Rabon Iko a Cikin Manhaja

Ranar Laraba 15 ga Yuli, 2020, shafukan Twitter na Barack Obama da Joe Biden da Bill Gates da Elon Musk da kamfanin Apple suka fara fitar da saƙo iri ɗaya: duk wanda ya tura kuɗin bitcoin zuwa wani asusu, za a mayar masa da ninki biyu. Kafin a toshe ɓarakar, mutane sun tura abin da ya kai kimanin dala 118,000. Sai da kamfanin ya hana masu shafukan da aka tantance yin rubutu na tsawon sa'o'i, saboda bai san iya inda ɓarnar ta tsaya ba. Da ƙura ta lafa, aka gano wanda ya jagoranci aikin yaro ne ɗan shekara 17 a birnin Tampa na jihar Florida.

Hukumar kula da harkokin kuɗi ta jihar New York ta fitar da rahoto a watan Oktoba na shekarar, kuma abin da ya fi ɗaukar hankali a cikinsa shi ne sauƙin da aikin ya zo da shi. Waya kawai yaran suka riƙa buga wa ma'aikatan Twitter, suna cewa daga sashen kula da kwamfutoci na kamfanin suke, sun ji ana samun matsala wajen shiga manhajar ofis daga gida. Lokacin kullen korona ne, kowa a ɗakinsa yake aiki, irin wannan matsalar kuma ta zama ruwan dare, don haka wasu suka yarda. Aka tura su wani shafin bogi mai kama da na kamfanin, suka zuba sunayensu da kalmomin sirrinsu. Na farkon da aka yaudara ba su da ikon taɓa shafukan jama'a, amma ta kansu aka leƙa aka ga yadda ake gudanar da aiki a ciki, aka gano su wa ke riƙe da wannan ikon, aka bi su. Shafuka 130 aka kai wa hari, aka yi rubutu da 45 daga ciki.

Wani zai tsaya nan ya ce laifin ma'aikatan da suka yi sakaci ne. Ni ban ga haka ba. Duk wurin da ke da dubban ma'aikata, ko wane irin horo aka ba su, wata rana sai an samu wanda mai zaƙin baki ya ruɗe shi. Tambayar da ta fi nauyi ita ce, mutum nawa ne a kamfanin ke da ikon buɗe shafin wani, ya canza imel ɗin da aka ɗaura masa, ya kashe matakin tsaro na biyu? Amsar da ta fito daga baya ita ce sama da mutum 1,000, ma'aikata da 'yan kwangila. Ke nan mai kutse yana da mutum dubu da zai gwada, kuma guda ɗaya tak yake buƙatar ya faɗa.

Duk manhajar da ake shiga da suna tana yi wa mai shiga tambaya biyu, ko ya sani ko bai sani ba. Ta farko, wane ne kai? Wannan ita ce ta kalmar sirri da zanen yatsa da lambar da ake turowa ta waya, kuma ita jama'a suka fi sani. Ta biyu, to yanzu da na san ka, me aka yarje maka ka yi? Wannan ta biyun ba a ganin ta, amma ita ke yanke girman asarar da za a yi ranar da ta farkon ta gaza. Tsarin da ake kira RBAC, wato ba da izini gwargwadon matsayin aiki, amsa ce ga tambaya ta biyu.

Kafin zuwansa, hanya biyu aka fi sani, kuma duka biyun suna cikin kundin ƙa'idojin tsaron kwamfuta da ma'aikatar tsaron Amurka ta fitar a 1983. A ta farko, wanda ya ƙirƙiri fayil shi ne mai shi, shi zai ce wane ya gani, wane kada ya gani, kamar yadda ake yi a Google Drive yau. A ta biyu, irin ta sojoji, kowace takarda tana da hatimin sirri, kowane jami'i yana da iya inda aka amince ya kai, kuma ba wanda ke da ta cewa. A 1992 wasu masana biyu na NIST, hukumar tsara ƙa'idojin fasaha ta Amurka, David Ferraiolo da Richard Kuhn, suka gabatar da takarda a wani taron tsaron kwamfuta suka ce duka hanyoyin ba su dace da banki ko asibiti ko ma'aikatar farar hula ba. Ma'aikacin banki ba shi ne mai bayanan da yake aiki a kansu ba, balle ya raba wa wanda ya ga dama. Kuma damuwar banki ba ta tsaya ga wanda ya karanta ba, ta fi tsanani a kan wanda ya canza adadi. Wani masani, Ravi Sandhu, da abokan aikinsa suka faɗaɗa tsarin da suka kawo a 1996, aka haɗe ayyukan biyu a 2000, a 2004 kuma ya zama ƙa'idar ƙasa a Amurka mai lamba INCITS 359.

Tushen maganar gajere ne: kada a ba mutum izini kai tsaye. A ɗora izinin a kan matsayi, sannan a ɗora mutum a kan matsayin. Wanda ya san fada ya san wannan. Kula da baitulmali aikin Ma'aji ne, ba don sunansa wane ba, don rawanin da ke kansa. Ranar da aka naɗa sabo, ba sai an zauna an lissafa masa abin da zai riƙa yi ɗaya bayan ɗaya ba, rawanin ya zo da su. Ranar da aka tuɓe shi kuwa, duka sun bi rawanin sun bar shi. Haka manhaja ke yi. A asibiti, sai a ƙirƙiri matsayin mai ba da kati, a ɗaura masa ikon buɗe sabon fayil da gyara adireshi. A ƙirƙiri na mai haɗa magani, a ba shi ikon ganin abin da likita ya rubuta da rage abin da ke sito, ban da ikon rubuta magani da kansa. Wanda aka ɗauka aiki yau, matsayi ɗaya za a danna masa, ya samu duk abin da aikinsa ke buƙata.

Lissafi kaɗan zai nuna amfanin. A ɗauka ma'aikata tana da mutum 1,000, manhajarta kuma tana da abubuwa 200 da ake iya yi a ciki. In mutum-mutum za a bi, shawara 200,000 ke nan za a yanke, kuma ba ɗan'adam ɗin da zai iya riƙe su a ka ko ya duba su a takarda. In aka tattara ayyukan zuwa matsayi 20, shawarar da za a yanke kan izini ta koma 4,000, sai kuma a raba mutum dubun a kan kujerun. A nan ne odita zai iya zuwa ya tambaya, su wa ke iya goge bashi daga asusun abokin ciniki, a ba shi amsa cikin minti biyu. A tsohon tsari, amsar gaskiya sau da yawa ita ce ba wanda ya sani.

Ferraiolo da Kuhn sun kafa sharuɗɗa uku. Mutum ba ya aiwatar da komai sai yana kan wani matsayi. Ba ya hawa matsayi sai wanda aka amince masa. Ba ya yin wani aiki sai wanda matsayin da yake kai a lokacin ya halatta. Wannan "a lokacin" yana da muhimmanci, domin mutum ɗaya na iya riƙe matsayi biyu ko uku, amma ba dole ne duka su kasance a kunne kullum ba. Likitan da shi ne kuma shugaban sashe, in yana duba marasa lafiya matsayin likita ya ishe shi. Sai zai amince da jadawalin aiki ko sayen kaya sannan ya kunna ɗayan.

Akwai kuma gadon izini, inda babban matsayi ke kwashe duk abin da na ƙasa da shi yake da shi ya ƙara da nasa. Babbar nas tana iya duk abin da ƙaramar nas ke iyawa. Wannan yana rage aiki, amma a nan ne nake ganin mutane suka fi zamewa, saboda suna haɗa matsayin manhaja da girman muƙami. Sai a ce ai shugaban ma'aikata ne, a buɗe masa komai. Ina ruwan manajan darakta da ikon canza lambar asusun da ake tura albashin direba? Bai taɓa yi ba, ba zai taɓa yi ba, amma shi ne mutumin da sunansa da hotonsa da imel ɗinsa ke ko'ina a intanet, shi masu kutse suka fi nema. Tun a 1975 masana kwamfuta Jerome Saltzer da Michael Schroeder suka rubuta ƙa'idar da har yau ake komawa gare ta: kowane mutum da kowace manhaja su yi aiki da mafi ƙarancin ikon da zai ishe su kammala aikinsu. Ƙa'idar ba ta ware oga ba. Wahalar kawai ita ce ƙaramin ma'aikacin sashen kwamfuta ne ake sa ran zai dubi shugabansa ya ce, “Ranka ya daɗe, wannan ba ka buƙatarsa.” In shugabannin ba su ɗaure wa ƙa'idar gindi da kansu ba, ba zai iya faɗa ba.

Sashen da ya fi daraja a tsarin, a ganina, shi ne raba aiki tsakanin hannu biyu. Wanda ya taɓa zuwa banki cire kuɗi masu yawa ya ga abin da idonsa. Kashiya ta karɓi takarda, ta duba sa hannu, ta danna-danna a kwamfuta, sai ta ɗago ta ce, “Alhaji, ɗan yi haƙuri, sai oga ya amince.” Ta waiga tana neman shugaban sashe. Shi kuma daga teburinsa ya buɗe nasa shafin, ya duba suna da adadi, ya danna. Sai a lokacin injin ƙirga kuɗi zai fara ƙara. Mai jira yana ganin ɓata lokaci ne, alhali abin da ke tsare kuɗinsa ke nan. Matsayin kashiya yana shigar da ciniki amma ba ya amincewa da shi in ya wuce wani adadi. Matsayin shugaban yana amincewa amma ba ya shigarwa. Kafin a yi sata sai mutum biyu sun haɗa baki, kuma haɗa baki yana da wuya, yana da saurin tonuwa.

Ƙa'idar 2004 ta kasa wannan gida biyu. Akwai matsayin da aka haramta wa mutum ɗaya ya riƙe su tare kwata-kwata, kamar mai ƙirƙirar sunan ɗan kwangila a manhaja da mai biyan ɗan kwangila. Akwai kuma waɗanda zai iya riƙewa amma ba zai kunna su a zama ɗaya ba. Wannan na biyun yana taimakon ƙananan wurare inda ma'aikata ba su da yawa, kodayake manhajar kirki takan ƙara da sharaɗin cewa wanda ya shigar da abu ba shi zai amince da shi ba, ko da ya sauya matsayi.

Wanda ke son ganin abin da rashin wannan ke jawowa ya dubi bankin Barings na Ingila. An kafa shi a 1762, har gidan sarautar Birtaniya yana cikin masu hulɗa da shi. A reshensa na Singafo, wani matashi mai suna Nick Leeson shi ne shugaban masu saye da sayarwa a kasuwar hannayen jari, kuma shi ne shugaban ofishin baya da ke tantance cinikin da rubuta shi a littafi. Wato shi ke yi, shi ke duba kansa. Ya buɗe wani asusu mai lamba 88888 yana zuba asarar da yake tafkawa a ciki, yana aika wa Landan rahoton riba. Masu binciken cikin gida na bankin sun yi gargaɗi a 1994 cewa bai kamata mutum ɗaya ya riƙe kujerun biyu ba, amma ganin ribar da ake cewa yana kawowa, ba wanda ya so ya taɓa shi. Girgizar ƙasar Kobe ta 17 ga Janairu, 1995 ta kayar da kasuwar Japan, caca ta juye masa, a watan Fabrairu ya gudu ya bar ramin fam miliyan 827. Bankin da ya shekara 233 ya rushe, kamfanin ING na Holan ya saye shi a kan fam ɗaya. Abin lura a nan, an san matsalar, an rubuta ta a takarda. Wanda zai zartar ne babu.

Ba da izini kowa na iya yi, kuma kowa na son yi, domin mai nema yana tsaye a kanka yana cewa aikinsa ya tsaya. Karɓe izini ne ba shi da mai tunatarwa. Ma'aikaciya ta fara a sashen kati, bayan shekara biyu aka mayar da ita sashen kuɗi, daga nan ta riƙe wa wata da ta tafi hutun haihuwa kujerar sito na wata uku. Kowane sauyi an ƙara mata matsayi, ba a taɓa cire ko ɗaya ba, domin ba wanda zai zo ya yi ƙorafin cewa ikonsa ya yi yawa. Bayan shekara takwas, ita kaɗai tana iya buɗe fayil, ta rubuta rasit, ta rage kaya a sito. Ba ta nema ba, ƙila ma ba ta sani ba, amma duk rabon aikin da aka zana a takarda ya narke a asusunta. Wanda ya sace kalmar sirrinta ya gaji duka.

Na masu barin aiki ya fi wannan muni. A watan Nuwamba na 2017, wani ɗan kwangila a Twitter, a ranarsa ta ƙarshe a wurin, ya kashe shafin shugaban Amurka na lokacin, Donald Trump, shafin ya ɓace na minti 11. Shi wannan ko fita daga ginin bai yi ba. A wurare da yawa kuwa, mutum zai ajiye aiki, a yi masa walimar bankwana, a karɓi katin shaidarsa, asusunsa na manhaja ya ci gaba da rai shekara da shekaru, saboda ofishin kula da ma'aikata bai sanar da sashen kwamfuta ba. Shi ya sa ƙwararru ke dagewa a ɗaure manhajar rabon matsayi da rajistar ma'aikata, ta yadda sauyin wuri ko sallama za su sauke tsohon matsayi da kansu.

Ba mutane kaɗai ke hawa matsayi ba. Yau mafi yawan masu neman izini a cikin manyan tsare-tsare manhajoji ne da ke magana da junansu. A 2019 aka kwashe bayanan mutum kimanin miliyan 106 daga bankin Capital One, a Amurka da Kanada. Bankin yana ajiye bayanansa a kwamfutocin haya na Amazon, kuma akwai wata manhajar tace zirga-zirgar bayanai da aka saita ba daidai ba. Wata tsohuwar injiniyar Amazon ta yaudari manhajar ta miƙo mata shaidar wucin gadi ta matsayin da take aiki da shi. Da matsayin an taƙaita shi ga aikin tacewa, da abin ya tsaya nan. Sai ya kasance yana da ikon lissafa ma'ajiyoyin bankin da karanta abin da ke cikinsu. A 2020 hukumar da ke sa ido kan bankuna ta ci bankin tarar dala miliyan 80.

A ɓangaren hanyoyin sadarwa ma haka abin yake. Na'urorin sadarwa na kamfanin Cisco suna da matakan iko daga 0 zuwa 15, amma a wurare da dama biyu kawai ake amfani da su, na leƙe da na mai komai, sai ka ga duk injiniyoyin suna kan 15. Tsarin da aka gina da kyau yana duba matsayin mai shiga tun daga lokacin da ya haɗa waya ko kwamfutarsa, ya ajiye ɗalibi a layin ɗalibai, ma'aikacin kuɗi a nasa, baƙo kuma ya samu intanet kawai. A ƙarshen 2013 an sace bayanan katunan banki miliyan 40 daga shagunan Target na Amurka, kuma masu kutsen sun fara shiga ne da shaidar wani kamfani da ke yi wa shagunan aikin na'urorin sanyaya wuri. Mai aikin sanyi ba shi da dalilin kasancewa a hanyar da za ta kai ga injinan karɓar kuɗi.

Duk da haka, kada a ɗauka tsarin matsayi ya gama magana. Yana amsa tambayar wane irin aiki, amma yana da rauni wajen amsa a kan wa, a ina, da yaushe. Matsayin likita yana buɗe fayil ɗin mara lafiya. To wane mara lafiya? Nasa, ko har da makwabcinsa da aka kwantar a wani sashe, ko matar da yake nema? In aka ce za a warware wannan da ƙirƙirar matsayi, sai a wayi gari da likitan yara na reshe kaza mai aikin dare, da kashiyar reshe kaza mai iyakar kuɗi kaza. Banki mai rassa 300 da ayyuka 10 zai tashi da matsayi 3,000, an koma gidan jiya. Wannan ya sa aka fito da tsarin da ke duba siffofi, wanda NIST ta yi wa kundi a 2014: sashen mutum, wurin da yake, na'urar da yake riƙe da ita, lokaci, da dangantakarsa da abin da yake son buɗewa. A aikace haɗa su ake yi. Matsayi ya zana babbar iyaka, siffofi su matse ta.

Sannan akwai abin da ba izinin da zai hana, wato mai halattaccen iko ya yi amfani da shi ta haramtacciyar hanya. Da ɗan gari akan ci gari. A 2019 hukumomin Amurka sun tuhumi tsofaffin ma'aikatan Twitter biyu da leƙa bayanan masu sukar gwamnatin Saudiyya suna miƙawa, an ce ɗaya ya buɗe bayanan shafuka sama da 6,000, ɗayan kuma kotu ta same shi da laifi a 2022. Maganin irin wannan shi ne rajistar da ke rubuta wa ya buɗe me da ƙarfe nawa, da kuma mutumin da aikinsa ne ya karanta ta. Asibitoci suna da wata dabara mai kyau a nan. Ba a so tsaro ya hana ceton rai, don haka likitan gaggawa yana iya tsallake iyakarsa ya buɗe fayil ɗin da ba nasa ba, amma sai ya rubuta dalili, kuma nan take saƙo ya tafi ga masu bincike.

Sai babbar tambaya: shi mai raba matsayin, wa ke tsare shi? Admin, wato mai kula da tsarin gaba ɗaya, yana iya ƙirƙirar kujera, ya hau, ya yi abin da zai yi, ya sauka, ya goge sawu. Edward Snowden mai kula da kwamfutoci ne a ƙarƙashin kwangila lokacin da ya kwashi takardun hukumar leƙen asirin Amurka ta NSA a 2013, kuma ko me mutum ke gani game da abin da ya yi, matakin da hukumar ta sanar daga baya yana da darasi: dokar mutum biyu, wato mai kula da tsarin ba zai kwafi bayanan sirri shi kaɗai ba. Kamfanoni da yawa yanzu ba sa barin kowa ya kwana da ikon admin. In aiki ya taso, injiniya ya nema, ya faɗi dalili, wani ya amince, a ba shi na sa'a ɗaya ko biyu, lokaci na cika ikon ya faɗi.

Wani kuskuren na masu rubuta manhaja ne. Sai su ɓoye maɓallin gogewa daga idon ƙaramin ma'aikaci su ɗauka sun hana shi, alhali babbar kwamfutar da ke karɓar umarni ba ta duba matsayin mai aikowa. Ko ɗalibi ya buɗe sakamakonsa a shafin makaranta, ya ga adireshin ya ƙare da 1045, ya mayar da shi 1046, sakamakon wani ya bayyana. Ƙungiyar OWASP, wadda ke fitar da jerin manyan haɗurra goma na manhajojin intanet, ta ɗaga karyewar tsarin izini daga mataki na biyar zuwa na ɗaya a jerinta na 2021.

Mu ma abin ya iso mu, domin albashi da sakamakon jarrabawa da lambar BVN da ta NIN duka sun koma cikin manhaja. A 2024 ƙungiyar Paradigm Initiative ta bankaɗo shafukan da ke sayar da bayanan 'yan Najeriya a kan naira 100. Hukumar NIMC, mai ba da lambar NIN, ta ce ba a fasa rumbunta ba. Ko da haka ne, tambayar izini tana nan: cikin waɗanda aka buɗe wa hanyar tantance bayanai, wa aka ba me, kuma wa ke duba abin da suke yi da shi? Dokar kare bayanai ta 2023 ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan jama'a nauyin tsare su, har da sanar da hukuma cikin sa'o'i 72 in aka samu ɓarakar da za ta iya cutar da mutane. Amma abin da ya fi damuna ƙarami ne, kuma yana ko'ina: ofis mai mutum shida, asusu ɗaya, kalmar sirri a rubuce a 'yar takarda an manna ta a gefen allon kwamfuta. Ko oga zai yi tafiya ya kira yaronsa ya ce, “Ga lambata, in abu ya shigo ka amince kawai.” Daga wannan lokacin, hannu biyun nan sun koma ɗaya, rajista kuma tana rubuta sunan wanda ba ya wurin. Ranar da kuɗi suka ɓace, mai gaskiya ba shi da abin da zai wanke kansa da shi. Ga shi kuwa kayan aikin suna nan kyauta. WordPress yana zuwa da matsayi biyar, daga mai gudanarwa zuwa mai karatu kawai, shafin kasuwanci na Facebook ma yana bari a ba mutum ikon wallafawa ba tare da ikon korar mai shafin ba.

Manyan ma'aikatu suna da al'adar bita, inda duk bayan 'yan watanni ake tura wa kowane shugaban sashe jerin mutanensa da matsayinsu ya tabbatar. Sau da yawa jerin dogo ne, sunayen matsayin kuma wasu haruffa ne da lambobi da ba ya ganewa, ga tsoron kada ya cire wani abu aikin wani ya tsaya a zo kansa. Sai ya danna amincewa da duka ya koma harkarsa. Bitar tana yin amfani ne in aka rubuta masa da harshen mutane abin da kowane matsayi ke iya yi, aka kuma nuna masa ranar da aka yi amfani da shi na ƙarshe. Kamfanin Netflix ya bi ta wata hanyar a 2017, ya fitar da wata manhaja mai suna Repokid da ke bin matsayin da manhajojinsa ke aiki da su a kwamfutocin Amazon. Duk izinin da ta ga an daɗe ba a taɓa ba, sai ta cire shi da kanta, wanda ke buƙatarsa daga baya ya sake nema.